Manomin dankali, juya ganyen ka duba kafin ka goya injin feshi

Akwai wata al'ada da ta zauna mana a harkar noman dankalin turawa wadda ni dai ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Da zarar bakin ganye ya fara yin rawaya yana ƙonewa, sai kaga manomi ya nufi shagon mai maganin feshi, wani ko ganyen baya tsinkowa ya tafi da shi, yana zuwa sai ya ce Alhaji dankalina na ƙonewa a bani mai ƙarfi. Shi kuma mai shago bai ga gonar ba, bai san ko kan dutse take ko a fadama ba, bai san yaushe aka shuka ba, sai ya haɗo masa kwalba biyu da fakiti ɗaya ya ce ka haɗa duka a lita 16 ka fesa, in sha Allahu za ka ga aiki. Daidai da mai zazzaɓi da zai je kemis ya ce a yi masa haɗi ba tare da an gwada jininsa ba. Wani lokacin a dace, wani lokacin kuɗin sun tafi a banza dankalin kuma ya ci gaba da mutuwa, manomi ya koma gida yana cewa maganin zamanin nan duk jabu ne.

To jabun akwai shi, ba musu. Amma sau tari ba laifin maganin bane, ciwon ne ba a gano ba. Kuma cikin abubuwan da ke ƙona ganyen dankali wanda aka fi tsallakewa shine wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsalle da ke zama a ƙarƙashin ganye yana tsotse ruwansa, malaman gona suna ce masa jasid.

Duk wanda ya taɓa noman wake ko kuɓewa ko auduga ya san shi ko da bai san sunansa ba. Kore ne shar mai haske, tsawonsa wajen milimita 3, ƙwayar shinkafa ma ta fi shi, kansa ya fi faɗi jikin ya tafi a tsuke zuwa baya. In ka ratsa cikin kunya ka girgiza ganye za ka ga wasu 'yan abubuwa sun yi tsalle sun tashi sun sake sauka can gaba, to manyan kenan masu fuka-fuki. 'Ya'yan basu da fuka-fuki, suna nan maƙale a bayan ganye kusa da jijiya, in ka taɓa su sai kaga suna gudu a kaikaice, gefe-gefe, ba gaba ba. Wannan tafiyar ta gefe ita ce alamar da ba ta ƙarya, don darɓa, wani ƙaramin ƙwaro mai tsotson ganye, ita zama take yi wuri ɗaya a cunkushe kusan bata motsi, farin ƙuda kuma fari ne fat yana tashi kamar gari. Macen tana soka ƙwanta ne a cikin jijiyar ganye ko cikin kara inda ido baya gani, cikin kamar kwana 10 ya ƙyanƙyashe, sati biyu zuwa uku ɗan ya zama babba shima ya fara nasa. Kaga kenan a shuka ɗaya ta wata uku za su iya haihuwa bi da bi har jikoki.

Ɓarnarsa kuwa ba cin ganye bace irin ta fara ko tsutsa da za ka ga huji ka gane. Yana soka baki ne ya yayyanka hanyoyin da abinci ke bi daga ganye ya sauka zuwa ƙasa wurin 'ya'yan dankalin, yana kuma zuba yawunsa a ciki, sai hanyar ta toshe. Daga nan tsinin ganyen ya fara yin rawaya, rawayar ta bi gefe-gefe, gefen ya nannaɗe sama ya shigo ciki ya bushe ya zama ruwan ƙasa, tsakiyar ganyen kusa da jijiya ne kawai ke rage kore. Mai wucewa a hanya zai rantse maka rana ce ta ƙona shi ko ƙishirwa. Kuma ba mu kaɗai muka yi wannan zaton ba, a Amurka inda wannan ƙwaro yake babban maƙiyin dankali sun daɗe suna ɗora wa zafin rana laifin, sai wajen 1918 zuwa 1919 masu binciken ƙwari suka tabbatar cewa ƙwaron ne. Nasu nau'in ma baya iya jure sanyin arewacin ƙasar, a jihohin kudu na bakin teku yake yin hunturu, duk bazara iska ta kwaso shi ta kai shi gonakin dankali da na ciyawar dabbobi a arewa.

Yanzu bari in faɗi gaskiya kada wani ɗan Bokkos ko Mangu ya ce mai rubutun nan bai san Filato ba. A damina a kan tsaunin Jos ba jasid ne babban abin tsoro ba. Babban abin tsoro shine cutar nan ta bilait da ke zuwa da sanyi da hazo da yayyafi ta cinye gona cikin 'yan kwanaki, wadda tun 2014 take yi wa manoman Bokkos da Mangu da Barkin Ladi da Pankshin ɗiban karan mahaukaciya. Bayanta akwai ciwon yaushi da ke zaune a ƙasa, akwai gajiyayyen iri da ake ta juyawa shekara da shekaru yana ɗauke da cututtuka. Shi yasa abinda muke samu a hekta a matsakaicin lissafi na ƙasa bai kai tan 5 ba alhali Masar tana haura tan 25. Jasid shi ɗan zafi ne da bushewa, a noman rani ya fi tasiri, musamman in shuka ta makara ta shiga Fabrairu da Maris lokacin da sanyin hunturu ya fara janyewa, da kuma wuraren da ake noman dankalin a ƙasa-ƙasa a lambunan rani irin na Kano da Zariya, ko Bonkuku da Dogon Dutsi a Nijar, inda gefen dankalin za ka tarar da kuɓewa da gauta da yakuwa.

Amma ai wannan shine ma ya sa nake maganar. Tunda bilait ta razana mutane, yanzu duk ƙunar ganye bilait ce a wurinmu. Mutum zai ta zuba mankozeb da Ridomil a watan da ko raɓar kirki babu, alhali waɗannan maganin cutar fumfuna ne, ko gezau jasid ba zai yi ba. Wani kuma akasin haka, bilait ce ta kama shi a Agusta ya je yana fesa maganin ƙwari. Alhali bambancin ba ya buƙatar digiri. Bilait tabo take yi baƙi-baƙi kamar an jiƙa ganyen, ko'ina a jikin ganyen har kara, in ka je da sassafe ka juya za ka ga farar fumfuna a gefen tabon, gonar ma wari take yi in ta yi nisa. Akwai wata cutar kuma mai yin tabo zagaye-zagaye da zobba a cikinsa, ta fi kama tsofaffin ganye. Ƙarancin sinadarin fotash shima yana ƙona gefen tsohon ganye amma in ka juya ba za ka ga komai yana motsi ba. In kuma ganyen ƙasa ne ya nannaɗe ya yi tauri yana ƙaras-ƙaras ba tare da ya ƙone ba, to wannan cuta ce da ta zo a cikin iri ko darɓa ta kawo, babu feshin da zai warkar da ita, tuge shukar ake yi kada kuma a ajiye iri daga wurin. Duk wannan a tsugune ake gane shi cikin minti goma, da ido da yatsa.

Na san amsar da za a bani, kuma amsa ce mai nauyi: ai in ka jira sai ka ga ƙuna ka makara. Gaskiya ne wannan, don binciken da aka yi ya nuna dankali yana fara asarar 'ya'ya tun kafin ƙunar ta bayyana a ido, ganyen da ya ƙone kuma ba ya dawowa. Daga nan sai mutane suka yanke cewa gara a riƙa fesawa duk sati ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba, wai rigakafi. Ni kuma a nan nake rabuwa da su. Abinda ya kamata a yi duk sati dubawa ne, ba feshi ba. Ka shiga gonar ka tsinki ganye daga tsakiyar shuka, nan da can, kada ka tsaya bakin gona kawai, ka juya ka ƙirga 'ya'yan. Jami'o'in jihohin da ake noman dankali a Amurka irin su Wisconsin sun ba manomansu ma'auni mai sauƙi: in ka samu ɗan ƙwaro 1 a cikin kowane ganye 10, ko babba 1 a duk kaɗawar ragar kamun ƙwari, lokacin ɗaukar mataki ya yi, in bai kai ba ka bar kuɗinka a aljihu. Wannan ma'aunin nasu ne da irin ƙwaronsu da yanayinsu, amma ko shi manomi ya riƙe ya fi feshin ido rufe sau dubu. Kuma aikin cibiyar binciken dankali da ke Kuru ne da su cibiyoyin binciken noma da wayar da kan manoma IAR Samaru da NAERLS a Zariya su fitar mana da namu a faɗe shi a rediyo da Hausa yadda kowa zai haddace.

Wanda yake ganin yawan feshi ba ya cutarwa ya tambayi 'yan uwanmu Hausawan Sudan da suka yi aikin auduga a Jazira. Can ma da jasid aka fara. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka soma fesa maganin ƙwari DDT saboda shi, da farko sau ɗaya a shekara kuma ya yi aiki, kowa ya ji daɗi. Sannu a hankali feshin ya kashe ƙwarin da ke cin 'yan uwansu ƙwari, tsutsar auduga ta samu fili, aka ƙara feshi, zuwa ƙarshen shekarun 1970 farin ƙuda wanda da ba a damu da shi ba ya zama annoba, audugar ta riƙa yin danƙo tana faɗuwa a kasuwar duniya, ana fesawa har sau takwas tara a shuka ɗaya amfanin kuma yana raguwa. Sai da suka dawo suna koyon ƙirga ƙwaro kafin feshi. A ɗan lambunka ma haka abin yake, in ka dage da maganin ƙwari irin su saifametirin da lamda duk sati za ka kashe gizo-gizo da jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ƙananan zanzaro masu lalata ƙwan jasid, bayan sati biyu uku kaga darɓa ta cika gonar, ita kuma darɓa ita ce ke yawo da cututtukan da ke gajiyar da iri.

Akwai kuma sabon baƙo da ya kamata ya hana hukumomin gona barci. A daminar 2022 wani nau'in jasid ɗan asalin Indiya, mai ɗigon baƙi a kan kowane fiffike, ya bayyana a Afirka ta Yamma ya yi wa auduga kaca-kaca. Mali ta yi asarar kusan rabin audugarta a wannan kakar, Kwaddibuwa fiye da rabi, Burkina Faso da Senegal da Togo duk sun ji a jikinsu, kuma abinda ya fi tayar da hankali shine magungunan da aka saba fesa wa auduga basu yi masa komai ba sai da aka canza zuwa wasu. Bai tsaya a auduga ba, kuɓewa da gauta da yakuwa duk abincinsa ne, a Indiya kuma sananne ne a gonar dankali. Ƙwaro bai san boda ba, bai san kwastan ba. Manomin da ya bar tsohuwar kuɓewar damina a tsaye a gefen lambu ta zama gidan hayar wannan ƙwaro sannan ya dasa dankali kusa da ita a Nuwamba, shi ya gayyato shi da hannunsa.

Wannan ne ke kai mu ga rigakafin gaskiya, wanda yawancinsa ba a sayar da shi a shago. A tuge ragowar kuɓewa da wake da gauta in sun gama ba da amfani, a kwashe ciyawar bakin kunya da ta bakin hanyar ruwa. A shuka da wuri a ci moriyar sanyin Disamba da Janairu, dankalin ma sanyin yake so kafin ya yi 'ya'ya. Kada a bar shuka da ƙishirwa don wadda ta sha wahala ita ƙunar ta fi yi wa illa. A rage zuba yuriya barkatai, ganye ya yi baƙi ƙirin ya yi laushi mai gona yana murna yana kiran mutane su zo su gani, bai san ya yi wa masu tsotso shimfiɗa bane, a ƙasa kuma ba lallai a tarar da 'ya'ya ba. A kafa ɗan allo mai launin rawaya a shafa masa man da zai riƙe ƙwaro, ba don ya kashe su duka ba, don dai ka san ranar da suka iso. In an ga sun fara, ga darbejiya nan a ƙofar gidan kowa, 'yan Nijar su ce bedi: a daka busasshen ƙwallon, kamar rabin kilo a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai kyau kada ya toshe bakin injin, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma. Ba ya kashewa nan take, shi yasa mutanenmu ke raina shi don mu sai mun ga gawa a ƙasa muke yarda magani ya yi, amma yana hana 'ya'yan ci da girma, sai dai yana son maimaici. In abin ya wuce nan to a sayi maganin kanti, ba haramun bane, amma a sayi wanda aka rubuta don masu tsotso, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba ba murfi uku don mai shago ya ce ba, a karkata bakin injin feshin ya shiga ƙarƙashin ganye inda suke, kuma kada a maimaita iri ɗaya sau da sau har su saba da shi. Sau nawa za ka ga yaro ya goya inji yana tafe da sauri yana watsa magani ta sama, ba takalmi ba takunkumi, ganye ya jiƙe ta sama ƙwaron yana ƙasa a bushe lafiya lau.

Maganar iri ma tana ciki. Tun shekarun 1920 aka gano a kudancin Afirka cewa auduga mai gashi-gashi a ganye jasid baya iya ta, da wannan aka ceci nomanta ba da feshi ba. Masara ma ciwon nan mai zane-zanen rawaya a ganye wani ɗan uwan wannan ƙwaron ne ke yaɗa shi, kuma da irin da cibiyar binciken noma ta IITA Ibadan ta fitar mai jurewa aka shawo kansa. A 2023 an fitar da sabbin irin dankali huɗu a Najeriya, Unica da Juriya da Babban da Kyau, abin a yaba ne, an fi duba bilait da yawan amfani wajen zaɓensu kuma daidai ne. Abinda ya rage a gwada su gefe da gefe da irin da aka saba shukawa su Nicola da Marabel a lambunan rani masu zafi, a gaya wa manomi wanne ne ganyensa ya fi tsayawa in masu tsotso sun sauka.

Ban ce a zagi masu shagon magani ba fa. Gurbi suka tarar babu kowa suka zauna. Lokacin da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 malamin gona mutum ne da ake gani a ƙauye da babur ɗinsa, yau malami ɗaya ne ga dubban manoma, da yawa sun yi ritaya ba a ɗauki wasu ba, wanda ya rage ba man babur, ga kuma rashin tsaro a Bokkos da Mangu da ya sa shi kansa mai gonar shiga yake yi a gurguje ya fito balle baƙo. To tunda mai shago shine likitan da manomi ke gani, a koya masa aikin mana. Duk mai lasisin sayar da maganin feshi a kasuwar Maikatako ko Mangu ko Farin Gada ya kamata a ce an zaunar da shi an nuna masa bambancin bilait da ƙunar jasid da yunwar taki, a manna hotunansu a bangon shagon, dokarsa ta farko ta zama ba ganye ba magani. A Nijar ƙungiyar RECA tana da layin da manomi zai kira ko ya tura hoto da saƙon murya ta WhatsApp da Hausa ko Zabarmanci a ba shi amsa. Me zai hana hukumomin bunƙasa noma PADP a Filato da KNARDA a Kano su yi irinsa? Wayoyin suna hannun 'ya'yan manoman, kuɗin da ake kashewa a taron ƙaddamar da rabon taki na rana ɗaya zai riƙe irin wannan layin tsawon lokaci.

Sai NAFDAC. Ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a 2019, ta kuma sanar da janye wasu magunguna irin su farakwat da kulofirifos daga kasuwa, amma takardar da ke jikin kwalba har yanzu yawancinta da Turanci ne, da ƙananan haruffan da ko mai boko sai ya matse ido. Muna da darasin wake da Tarayyar Turai ta hana shiga da shi daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, dankali kuwa ba Turai za shi ba, kasuwar Yankaba ta Kano za shi da Mile 12 ta Legas, mu za mu soya wa yaranmu su tafi da shi makaranta. A tilasta wa duk kamfanin da ke shigo da magani ya rubuta abu uku da Hausa da manyan baƙi, har da ajami in zai yiwu: wane ƙwaro ko wace cuta yake kashewa, murfi nawa a injin lita 16, da kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a haƙa dankali.